Awo ko lissafin kwamfuta: hasashen tsukewar garin ƙarfe a tanda

Kayan da aka ƙera da garin ƙarfe sau da yawa ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe idan an gasa shi a tanda don garin ya haɗe. Wanda inji ya gina shimfiɗa-shimfiɗa yana liƙe garin da gam, tsayinsa ya fi faɗinsa raguwa, domin akwai ƙarin rata tsakanin shimfiɗun.

Akwai hanya biyu ta hasashen wannan tsukewa. Ta farko awo ce. A gasa 'yan samfura, a auna abin da kowane gefe ya rasa, a ƙara wa zanen girma gwargwadon haka. Ba ta da tsada, kuma ta wadatar ga dunƙulallen kaya.

Ta biyu lissafin kwamfuta ne, irin tsarin Skorohod da Olevsky, masana kimiyyar gasa garin ƙarfe, mai ɗaukar ƙarfen da ya yi zafi tamkar abu mai kauri da ke kwarara a hankali. Nan ake ganin abin da awo bai nunawa: siririn reshen kaya da nauyinsa ke lanƙwasa shi, da gindin da ya kama farantin tanda ya ƙi tsukewa yayin da samansa ke tsukewa. Sai dai lissafin na buƙatar awon gaske na garin ƙarfen da tandar da za a yi aiki da su, in ba haka ba ya ɓatar da kai. Ni kam, kaya mai sirara da lunguna ba zan bar shi ga awo kaɗai ba.