Manhajar Eyes and Ears: ra'ayina

Jama'a, duk mai son ya auna ko shugabannin yankinsa na aiki ko kuwa surutu ne kawai a rediyo, wannan manhajar ta gwamnatin Kaduna ta cancanci a gwada. Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ce ke kula da ita tun zamanin El-Rufa'i. Abin da take yi shi ne ta nuna maka ayyukan gwamnati da ke kusa da kai, ka je da ƙafarka ka gani, ka ɗau hoto ka tura da bayani, ko an gama, ko an yi watsi da shi, ko bulo ɗin ma da yatsa kake murje shi.

Wannan ɓangaren wallahi ya burge ni, domin hoto ba ya ƙarya kamar rahoton ofis.

Amma fa gini kawai take aunawa. Asibitin unguwa zai iya shan fenti yana walƙiya alhali ba magani ba ungozoma da daddare, aji sabo fil yara a ƙasa a zaune, to wannan wa zai auna? Sannan sai mai babbar waya da data, ita kuwa gwaggo ta ƙauye da ta fi kowa sanin ranar da famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ba ta ciki.

Tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, ni da za a ji tawa, a riƙa liƙa kasafin kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 ɗin nan na jihar Kaduna a sakatariya da Hausa, mu haɗa da hotunan mu kwatanta.