GARGAƊI: ɗan damfarar da ya sayar min da babur mai kilomitan ƙarya, ya gudu da kuɗin kayan gyara

Jama'a, ku karanta kafin ku tura wa wani kuɗi a kan babur na hannu. Raina a ɓace yake, don haka in labarin ya zo a hargitse ku yi haƙuri. Hotunan hirarmu suna nan, shaidar tura kuɗi tana nan, bidiyon da ya turo min yana nan. Zan saka su da zarar na rufe suna da lambar asusu, domin maganar tana gaban hukuma kuma ba na son ya samu abin kamawa.

Kuma tun yanzu, kada wanda ya ce min araha ba ta ado. Ba araha ba ce. Kuɗin da ya sa daidai yake da yadda ake sayar da irinsa, ragin da ya yi min ma bai taka kara ya karya ba. Da ya karya farashi da tun a ranar na gane.

Ni mutumin Honda ne tun tasowata. CG125 na fara hawa, na ƙare a CB500X mai inji 471cc, kuma babu wanda ya taɓa barina a hanya. Abin da ya sa na bar su, na fara shiga hanyoyin da babu kwalta, ina son tayar gaba mai inci 21 da doguwar ƙafa, wato dogon shokozoba. Na auna Transalp, na auna V-Strom 650, zuciyata ta tsaya a kan Yamaha Ténéré 700. Na yi karatunsa kamar zan yi jarrabawa: ya fito 2019, inji 689cc mai silinda biyu irin wanda ke cikin babur ɗin Yamaha MT-07, taya 21 a gaba 18 a baya, tanki lita 16. Na sayar da Honda ɗina mai lafiya, wanda na san tarihin kowane noti a jikinsa, na tara kuɗin na miƙa wa wannan mutumin.

Kilomita 11,000. Abin da ya rubuta a tallar kenan, abin da allon lissafin kilomita ya nuna kenan a bidiyo. Samfurin 2020, hannu ɗaya, kilomita 11,000, salansar kamfanin Akrapovič, ƙarfen kariya na gefe, farantin ƙasan inji. Ku riƙe wannan lambar.

Abin da ke hana ni barci shi ne kiran bidiyon nan. Ni na nemi a yi shi, ni na ce ya tayar da injin a sanyi, kuma ya yi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bututun salansa don in ga babu zafi, sannan ya danna sitata, ya tashi bugu ɗaya. Sai ya juya wayar zuwa gefen hagu, ba tare da na tambaya ba, ya ce, "Yallaɓai, tsakani da Allah akwai ɗan ƙujewa a nan, ya taɓa kwanciya a tsaye a bakin gareji. Gara ka gani yanzu da ka gani daga baya ka ce na ɓoye maka." Wallahi wannan maganar ce ta kama ni. Mutumin da ya tona aibin kayansa da bakinsa, wa zai zarge shi? "Gara ka gani yanzu." Kullum sai na sake jin muryar. Har shiru ya ɗan yi kafin ya faɗa, kamar mai jin nauyi.

Washegari na tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Rabin kuɗin babur, ba kuɗin cefanen wasa ba.

A'a, kafin nan ma akwai maganar shokozoba. Ko bayan nan ne, sai na duba hirar. Na dai gaya masa ni mai jiki ne kuma ina ɗaura kaya, zan buƙaci sifirin baya mai ƙarfi. Nan take ya ce ai yana da shokozoban kamfanin Öhlins sabo fil a kwali, ya saya bai kai ga ɗaurawa ba, in ina so ya haɗa min. Ya turo hoton kwalin. Ya san maganar, ya san ana zaɓen sifirin gwargwadon nauyin mahayi, har ya tambaye ni kilo nawa nake. Ɓarawo yana tambayata nauyina! Na biya kuɗin shokozoban daban, cikakke, a kan rabin da na riga na tura. Daga baya na jefa hoton kwalin a binciken hoto na Google, sai ga shi a tallar wani daban, tsohuwa.

Babur ya iso da daddare a bayan mota, direban yana sauri, shi kuma mai babur ɗin yana ta kirana wai yana da mara lafiya a asibiti, in taimaka in cika masa. Na haska fitila na duba lambar shasi da ke wuyan babur, harafi da lamba 17, ta dace da takarda. Injin ya tashi. Allon ya nuna kilomita 11,000 da ɗoriya kaɗan. Na cika sauran rabin. Ku faɗa min wanda zai yi fiye da haka da fitilar waya a hannu. Shokozoba kuwa wai an manta shi a gida, zai biyo baya.

Bakanikena ne ya fara yin shiru. Dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Ya zagaya babur ɗin, ya tsuguna, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan bai yi tafiya ba?" Ya nuna min haƙoran sifiroket na gaba, wato ƙarfen da ke jan sarƙa, sun lanƙwashe sun yi tsini. Ya auna faifan burki, ya sauka ƙasa da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa. Matakin burkin baya ya suɗe har yana sheƙi. Tayoyin da aka ce min na kamfani ne tun fitowarsa, lambar da ke gefensu ta ƙare da 4123, wato mako na 41 na shekarar 2023, a babur ɗin 2020. Sannan ya kwance murfin gaba, sai ga alamar an taɓa filogin allo, ga kusoshi biyu da ba irin sauran ba. An canja allon ne gaba ɗaya. A babura da yawa lissafin kilomita a cikin allon yake zama, ka sa wani allon, ka samu wasu kilomitan. A ƙiyasinsa babur ɗin ya wuce 50,000, alhali tun a 40,000 ya kamata a duba bawul ɗin inji, kuma babu alamar an taɓa buɗe wurin.

Kilomita 11,000 fa. Na biya kuɗin kilomita 11,000.

Ƙujewar nan da ɗan damfarar ya nuna min da hannunsa, ashe ita ce kaɗai abin da ya rage a fili daga hatsarin. Ɗan ƙarfen da ke tare kan babur idan ka murɗa shi zuwa ƙarshe, na hagu ya karye an yi masa walda an shafa baƙin fenti. Babur ba ya karya wannan don ya kwanta a tsaye a bakin gareji. Ɗaya daga cikin ƙafafun gaba ta ɗan karkace, shi ya sa in ka saki hannu yake ja gefe. Ya nuna min ƙujewa don idona ya tsaya a wurin, kuma a bidiyon, na sake kallo, bai taɓa kai wayar ƙasan wuyan ba. Ko sau ɗaya.

Salansar ma jabu ce. Murfin bakinta da ake cewa kabon ne, roba ce aka yi wa zane, ta fara narkewa. Waldar jikinta kamar an yi da ido a rufe. Ta asalin da kamfani ya sa, ɗan damfarar ya ce ya bayar tuntuni.

Na kira shi, da farko ya ɗauka, har yana rantsuwa wai shi ma haka ya saya. To ina hannu ɗayan? Ya ce zai mayar min da kuɗin shokozoba ranar Litinin. Litinin ta zo, layin a kashe, WhatsApp ya toshe ni, tallar ta ɓace. Asusun da na tura rabin farko sunan wani ne, wai ƙaninsa. Na biyun ma wani sunan ne. Kwanan nan wani ya turo min sabuwar talla, KTM ce wannan karon, amma gareji ɗaya, bango ɗaya, kuma a rubutun har da "akwai ɗan ƙujewa a gefe, gara in faɗa".

In za ka saya, ka je da bakanike, da rana. Ka duba wuya da faifan burki da lambar taya, kada allo ya ruɗe ka. Sunan asusu ya dace da sunan takarda. Kayan gyara kada ka biya sai suna hannunka.

Wanda ya taɓa cin karo da mai wannan salon maganar ya neme ni ta saƙo, ina haɗa shaidu. Babur ɗin yana wurin bakanike an tuɓe masa gaba, ana jiran a auna shasi a ga ko shi ma ya karkace, kuma kuɗin wannan awon ma daga aljihuna zai fito.