Wata biyu ina shan garin kurkum da masoro saboda ciwon gwiwa

Tun shigowar hunturun bana gwiwata ta dama ta matsa mini, har zaman tahiya ya zama aiki. Na gaji da haɗiyar ibuprofen domin yana tayar mini da gyambon ciki, sai wata malama da muke koyarwa tare a Birnin Kebbi ta ba ni shawarar gwada garin kurkum da aka haɗa da masoro. Na sayo leda ɗaya a kasuwa, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana raba mutum da sanyin ƙashi baki ɗaya.

Haɗin kansa yana da tushe. Sinadarin kurkumin, wanda ake danganta rage kumburi da shi, ɗan kaɗan ne a cikin garin, kuma hanji da hanta suna kawar da shi tun kafin jiki ya mora, sinadarin fiferin da ke cikin masoro kuwa yana rage wannan gaggawa. A binciken da aka yi a Bangalore ta Indiya a 1998, miligiram 20 na fiferin ya ninka kurkumin da ke shiga jini kusan sau 20. Sai dai giram 2 na kurkumin tsantsa aka ba mutanen, abin da rabin cokalin shayina bai kama ƙafarsa ba.

Kullum da dare nakan dama shi a madara mai ɗumi da ɗan man shanu, tunda a maiƙo kurkumin yake narkewa, wani lokaci kuma in barbaɗa a miyar kifi. Sati uku na farko shiru kake ji. Daga baya sanƙarewar da nake tashi da ita da asuba ta ragu, ina iya sujada ba tare da dafa bango ba, amma ranar da na yini a tsaye gaban allo ciwon yana nan daram. Alkawarin jikin ledar dai cika baki ne.

Ɗacinsa ana jurewa, rinin ne abin haushi, don har yau kofina da farin mayafina rawaya suke. Masoron cikin haɗin ma ya yi ƙaranci, sai da na daka nawa na ƙara. Mahaifiyata ta so ta gwada, na hana ta, saboda tana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kurkum kuwa yana iya ƙara tsinkewar jini. Haka ma mai tsakuwa a matsarmama ya kamata ya fara tuntuɓar likita.

Idan wannan ledar ta ƙare, saiwar kurkum busasshiya zan sayo in kai inji da kaina.