Masu mashin a Zariya ku kula da wannan damfarar ta taimin

Salam jama'a. Wallahi abin da aka yi wa ƙanena satin da ya wuce har yanzu yana ci min rai. Yaron nan acaba yake yi da Boxer tsakanin Kwangila da Samaru, gaskit ne kawai yake ɗan yoyon baƙin mai ya kai wa wani bakanike a wajajen Sabon Gari, ba zan kama suna ba. Ya karɓo mashin, kafin ya isa Samaru inji ya ɗau zafi kamar murhu, wuyan salansa ya fara sauya kala, ƙarfi babu. Da ya koma sai mutumin ya ce ai fistin da ringi ne suka ƙone, ya tura shi shagon wani abokinsa, dubu 38 ta tafi, kuɗin adashinsa fa.

Mashin ya dawo lafiya lau, har da godiya ya yi masa! Sai da wani dattijon bakanike a Tudun Wada ya ga tsohon fistin ɗin, wanda da kyar aka ba yaron, ya ce babu abin da ya same shi, taimin aka gocar masa, wato saitin lokacin da bawul (ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi a inji) suke buɗewa da rufewa.

Ga yadda abin yake. Kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) juyi 1 yake yi duk juyi 2 na karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), taimin cen, wata sarƙa a cikin inji, shi ne ya haɗa su. In aka tsallakar da cen ɗin haƙori ɗaya tak mashin zai tashi, amma bawul ba za su buɗe su rufe a kan lokaci ba, mai ba ya ƙonewa yadda ya kamata, kai kuma kana ta murɗa totur, injin da iska ce kaɗai take sanyaya shi dole ya yi zafi. In gocewar ta yi yawa fistin ma yana iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. To sai a sayar maka da kayan da ba ka buƙata, a mayar da taimin daidai a ɓoye, naka masu kyau kuma a sayar wa wani.

Kuskure na faruwa, na sani, amma mai kuskure taimin zai fara dubawa, ba shago zai tura ka ba.

Don Allah in mashin bai taɓa zafi ba sai bayan an buɗe kan inji, kar ka sayi komai tukuna. Ka tsaya a buɗe a gabanka, alamar T ta jikin maganeto ta zo daidai saitinta, alamar siroketin kamshaf ma ta hau tata. Ko minti 10 ba ya kaiwa. Tsofaffin kayanka kuma ka karɓe su a hannu kafin ka biya.