Awon bibiya da ba ya zuwa a ranarsa: wa'adi ko ainihin kwanan wata?

Malama, kin tambaya yadda za a yi da awon jinin da bai zo a ranarsa ba a gwajin maganin hawan jini da kuke tsarawa a Gombe. Kun sa a dawo awo a wata na 3, na 6 da na 12, amma mutumin Dukku ko Nafada sai ranar da ya samu mota, ga aikin damina, ga azumi. Hanya biyu ce a gabanku.

Ta farko wa'adi. Awon wata na 3, wato kwana na 90, a ba shi sassaucin kwana 14 gaba da baya, duk wanda ya zo daga kwana na 76 zuwa na 104 ya shiga gurbin. Tana da sauƙin bayani ga kwamitin ɗa'a mai ba da izinin bincike. Illarta asara: awon wanda ya zo kwana na 110 ya zube, wanda ya zo sau biyu a gurbi ɗaya kuma sai an watsar da ɗaya. Dokar zaɓen, a ɗauki mafi kusa da kwana na 90, ku rubuta ta tun kafin a ga sakamako.

Ta biyu, kowane awo ya tafi da adadin kwanakinsa daga ranar da aka raba masu gwajin rukuni-rukuni, a saka su a lissafin gauraye, mai bin awon kowane mutum tare da na rukuninsa, irin na masana Laird da Ware na 1982, da kayan aikin lme4 a manhajar lissafi ta R ko mixed a ta Stata. Ba awon da ke zubewa. Sai dai dole a faɗi yadda jinin ke sauka. Yakan sauka da sauri a makonnin farko sannan ya daidaita, don haka miƙaƙƙen layi zai karkatar da amsa. A bar layin ya lanƙwasa.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin zuwan. Wanda ciwo ya kawo shi da wuri, galibi jininsa a sama yake, wanda ya ji sauƙi kuma yana gona. Idan masu zuwa don ciwo sun fi yawa a rukuni ɗaya, wa'adi ba zai gyara ba, lissafin gauraye ma yana taimakawa ne gwargwadon abin da awon baya ya nuna. Maganinsa a rage nauyin awon masu yawan zuwa bisa yiwuwar zuwansu, kamar yadda kayan aikin IrregLong a R ke yi. Kada ku cike gurbin da ya ɓace da awon ƙarshe, hakan ɗauka ne cewa jinin ya tsaya cak.

Ni dai, ku gayyaci mutane da wa'adi, ku yi nazari da ainihin kwanan wata. A fom ɗin manhajar tattara bayanai, REDCap ko KoboToolbox, ku wajabta gurbi biyu: ranar awo, da ko zuwan na gayyata ne ko ciwo ne ya kawo shi.