Allurar Rigakafi a Ingila: Wasiƙa Zuwa Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, ga bayanin da ka nema a kan allurar jaririyarmu.

A nan kowane gida yana yin rajista da asibitin likitan iyali na unguwarsu, ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, kuma ba a biyan ko sisi. Da aka haifi yarinyar aka ba mu wani jan littafi inda ake rubuta nauyinta da kowace allura. Ba wanda ke bin gida gida da akwatin ƙanƙara yana ɗiga maganin shan inna, yana rubutu da alli a jikin bango kamar yadda muka saba gani; saƙo ake turo maka, kai kuma ka kai yaro a ranar da aka sa maka. Tana da mako 8 wata nas ta yi mata allura guda da ta haɗa cututtuka shida, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da shan inna da ciwon hanta, aka maimaita a mako 12 da na 16. Mu a gida mako 6 da 10 da 14 ne, ta ƙyanda kuma a wata 9, su kuwa sai yaro ya shekara.

Ta tarin fuka, wadda ake yi wa kowane jariri a Najeriya, ba kowa ake yi wa a nan ba. Sai da aka tambayi inda aka haife mu, da muka ce Najeriya aka sa yarinyar a jerin masu karɓa.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani. Rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci yana da sinadarin da aka samo daga alade, haka ma ɗaya daga cikin alluran ƙyanda, amma idan ka yi magana za a ba ka madadin da babu shi. Ba a ɓoye mana ba, shi ya sa hankalin maiɗakina ya kwanta.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne wajen manya. A wurinmu babba ba ya tunanin rigakafi sai mai juna biyu a wajen awo, ko maniyyaci, ko kuma in sanƙarau ya ɓarke da zafin bazara. A nan duk wanda ya kai shekara 65 ana kiransa allurar mura kowace shekara kafin hunturu, da ta ciwon huhu sau ɗaya, kuma masu ciwon suga ko asma ba sa jiran wannan shekarun kafin a yi musu ta murar. Duk lokacin da na ga tsofaffi a layi sai Hajiya ta faɗo mini a rai, da tarin da ke damunta idan sanyi ya shigo.

Ba komai ne kyauta ba. Mai shirin zuwa gida yana samun ta taifot ba tare da biya ba, amma ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau ta aikin Hajji sai an sa hannu a aljihu. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, babu shi a nan. Matafiyi ƙwayoyi yake saye.

Yanzu ga roƙona. Babban yaron, wanda aka haifa a nan wajenku, mun baro katinsa a gida, kuma ƙa'idarsu ita ce duk yaron da ba shi da shaida a rubuce ko bayanin baki abin dogaro a sake masa daga farko. Don Allah a duba cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakin Hajiya, a ɗauki hoton katin ciki da baya a turo mini ta WhatsApp kafin ranar Litinin.

Ƙaninka, daga Landan.