Shatar Hiyas daga Maraɗi don bin rangadin mawaƙi: inda take biya da inda take cin aljihu

Da zarar an ga wata, masu shirya wasa sukan saki jadawalin wasannin Sallah: yau Damagaram, jibi Maraɗi, sai Tawa, a rufe da Yamai. Wanda mawaƙin ya shiga ransa ba ya ƙoshi da dare ɗaya, shi ya sa ake samun abokai goma ko sha biyu su haɗa kuɗi su ɗauki shatar Hiyas da direbanta, su bi rangadin gari-gari. Wannan hidima ta masu ba da hayar mota a tasoshin Maraɗi ita za mu auna, kuma gara a faɗi hukuncin tun da wuri: tana biya idan garuruwan sun kai uku, mutane kuma sun kai goma. Wanda zai je wasa ɗaya a Yamai ya dawo, ya sayi tikitin motar kamfani, Rimbo ko STM ko Al Izza, ya huta.

Dalilin yana cikin agogo. Manyan motocin kamfani da asuba suke tashi, wasa kuwa sai bayan isha'i yake farawa, ba ya watsewa sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Mai bin garuruwa huɗu a motar kamfani zai riƙa fitowa daga fili ya wuce tasha kai tsaye, idan kuma aka ɗage wasa da kwana ɗaya, tikitin da ya saya ya zama abin rigima. Motar shata tana jiran mai ita. Abin da ake saye ke nan, jira, kuma a kan jiran ne yawancin faɗa ke tashi.

A ɗauki zagayen da aka fi yi. Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, ta Cadawa da Gazawa da Tasawa da Takeita. Zuwa da dawowa 480. Maraɗi zuwa Tawa kusan 350, ta Gidan Rumji da Madawa da Galmi da Malbaza, a karya arewa a mararrabar Tsarnawa kafin a shiga Ƙonni. Tawa zuwa Yamai kusan 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Yamai zuwa gida kusan 660. Duka ya ɗan haura kilomita 2,000. Hiyas mai shan fetur, da mutane da kaya, a lissafa mata lita 13 a kowane kilomita 100, wato wajen lita 265, a ƙara na zirga-zirgar cikin gari a ce 300. A farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, lita sefa 499 ce, dala ɗari ba tamma guda. Jika 150 ke nan, wato sefa dubu 150, na mai kaɗai, kowa cikin mutum sha biyu ya kawo jika 12 da rabi. Mai shan gas ta fi tsimi, amma litarta 618 ce a wancan farashin, don haka ratar ba ta kai yadda ƴan kamasho ke zuzutawa ba.

Masu mota sukan ba da zaɓi biyu: ko kuɗin yini, mai a wuyanku, ko dunƙulallen farashi har da mai. Na biyun ya fi daɗin ji, amma na farko ya fi lafiya. Direban da aka ba kuɗin mai a hannu, duk litar da ya rage tasa ce. Zai kashe na'urar sanyaya mota da tsakar rana, zai ƙi kai ku Mirriya ko cikin Birni ganin fadar Sarkin Damagaram don "ba ya cikin magana", wani lokacin ma ya tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa. Man kwalba na bakin hanya tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina arhar da aka san shi da ita, ga ƙura da ruwa da yake ɗaukowa, su toshe matatar mai, mota ta dinga shaƙewa a hawa. A karɓi mota da tanki cike, a mayar da ita cike, a sha mai a gidan mai, mutum ɗaya ya riƙe rasit. Tankin Hiyas lita 70 ne, ya isa ya kai kilomita 500 da ɗoriya, amma kada a bari ya sauka ƙasa da rabi. Ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna cewa gidan mai a buɗe ba shi ne mai a famfo ba. Mai zuwa yamma ya cika a Maraɗi, ya ƙara a Ƙonni, ya ƙara a Doso.

Yanzu batun jira. A zagayen nan ranakun tuƙi biyar ne kacal, amma tafiyar takan ci kwana takwas ko tara, saboda tazarar da ke tsakanin wasa da wasa. Mai mota yana ganin kowace rana motarsa tana hannunku, ku kuma kuna ganin ranar da ba ta motsa ba ba ta ci kuɗin yini cikakke ba. Kowa da gaskiyarsa. Masu hayar da suka san aiki suna da farashi biyu, na ranar tafiya da na ranar zama, kuma sukan faɗa ba sai an tambaya ba. Wanda ya ce "ba komai, ma daidaita in kun dawo", a tsaya nan a daidaita. A rubuta a takarda, gaban sarkin tasha ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa: ranar tashi, ranar dawowa, sunayen garuruwa, kuɗin ranar tafiya, kuɗin ranar zama, abin da za a biya idan an ƙara kwana, da abin da za a mayar idan an soke wani wasa aka dawo da wuri. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali soke wasa da ɗage shi ba baƙon abu ba ne: ruwan sama, rashin izinin hukuma, ko saɓani tsakanin mawaƙi da wanda ya gayyato shi. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a tura ta kamfanin aika kuɗi irin su NITA ko Amana don a samu shaida, sauran a biya kashi-kashi.

Akwai kuma tambayar wa ke gyara. Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce faci da kuɗin hanya na masu shata, duk abin da ya shafi inji da giya da birki na mai mota. A ƙara da cewa idan mota ta kwana a gareji, ranar ba ta shiga lissafi. Faɗin wannan ga mai mota ba rashin kunya ba ne. "Alhaji, Allah ya kiyaye, amma in ta tsaya mana a Madawa, wa zai biya bakanike?" Amsar da ya bayar ta fi fentin motar bayyana irin hidimar da za a samu.

Motocin kansu, gaskiya, yawancinsu tsofaffi ne da suka sha lodi, kuma a nan hidimar ta fi rauni. Wadda aka nuna ranar ciniki ba lallai ita za ta zo ranar tafiya ba, don haka lambarta ta shiga takarda. Kwana biyu kafin tashi, a je da bakanike na kanku, ba na tashar ba. A fara da taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ita ke fasa irinta. A sauke safaya a gani da ido, a gwada jak da abin kwance noti, don sau da yawa akwai su amma ba na motar ba ne. A buɗe lagireto inji na sanyi: ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo alama ce ta inji mai zafi. A duba bel ɗin fanka ko ya tsattsage, a ja sandar baƙin mai, a taka birki a ji ko yana nutsewa. Sannan a kunna na'urar sanyi a bar mota tsaye minti goma sha biyar ana kallon allurar zafi. In ta haura rabi a tsaye, to a hanyar Dogon Dutsi da mutum sha biyu za ta tafasa. Kayan da ya kamata su kasance a ciki: bel na ajiya, lita biyu ta baƙin mai, man birki, jarka mai lita 25 ta ruwa, fitila, da igiya da tamfol idan za a ɗaura kaya a sama.

Kujeru kuwa, a tasha ana cusa mutum sha takwas ko sha tara a Hiyas. Wannan na tafiyar Tasawa ne. A tafiyar mako guda sha biyu ne iyaka, a bar layin baya ga jakunkuna. Kayan da aka tula a sama suna ƙara shan mai, suna kuma sa mota rangaji idan babbar mota ta gifta. Kuma za a yi tsaraba, kowa ya sani: ba a wuce Galmi ba a tsaya wa albasa ba, ba a wuce Madawa a ƙyale kilishi.

Takardu ba su da dogon bayani. Na mota: takardar mallaka, inshora mai rai har ranar dawowa, takardar binciken lafiyar mota, binyet, da lasin direba da ya dace da ɗaukar fasinja. Na mutane: katin ɗan ƙasa, kowa da nasa. A mashigar kowane babban gari akwai shingen ƴan sanda ko jandarma ko duwan, kuma mutum ɗaya marar kati ya isa ya tsayar da sha ɗaya. Takardar kuɗin hanya a adana ta, ana neman ta a gaba. Idan rangadin ya tsallaka zuwa Katsina ko Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, wannan wani ciniki ne daban da takardunsa daban, kuma ba kowane mai mota ke yarda ba.

Inda hidimar ta fi burgewa shi ne direbobin. Tsohon direban layin Maraɗi ya san inda rami yake, ya san ƙauyen da tudun rage gudu ke ɓuya ba fenti, ya san ranar kasuwar da amalanke ke cika hanya, ya san mai facin da ke buɗe da asuba. Da damina ya san koramar da ba a shiga sai ruwa ya janye. Wanda ya iya Zabarmanci ƙari ne daga Doso zuwa Yamai. Sai dai masu shata su ne ke lalata wannan alheri da hannunsu. A ajiye bawan Allah a ƙofar filin kokowa na Langa-Langa a Damagaram ko gidan al'adu na Albarka Cibau a Tawa har ƙarfe biyun dare, sannan a ce masa da asuba a kama hanyar kilomita 550. Barci ba ya jin roƙo. Abin da ya dace, ya sauke ku da magariba ya tafi ya kwanta, ku dawo masauki a adaidaita ko kabu-kabu ko tasi. A kama masa ɗaki, kada a bar shi a kujerar mota sauro na cin sa, kuma kuɗin abincinsa na yini a yanka shi tun a gida. Idan jadawalin ya sa Damagaram yau, Tawa gobe, wato kusan kilomita 590 bayan daren wasa, to ko a nemi direba na biyu, ko a haƙura da ɗaya daga cikin wasannin.

Tafiyar dare kuwa a cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Dabbobi, manyan motocin da suka mutu a kan kwalta ba fitila, ga kuma halin tsaro a wasu sassan hanyar. Direban da ya ƙi tashi bayan la'asar zuwa gari mai nisa ba taurin kai yake ba. Kowace safiya ya kira abokan aikinsa na tashar gaba ya ji labarin hanya, kuma abin da suka ce shi za a bi. Maraɗi zuwa Damagaram awa huɗu ce da tsayawa. Yamai zuwa Maraɗi a ware mata awa goma sha ɗaya, a tashi da an sallame asuba.

Wasu masu hayar sukan ce za su kama muku masauki, har ma su saya muku tikitin shiga. Masauki a karɓa idan sun faɗi sunan wurin kuma kun kira kun tabbatar, musamman da Sallah da ɗakuna ke ƙarewa a Tawa da Damagaram. Tikiti kuwa a'a. Sau da yawa wasa biyu ake yi a gari ɗaya, na yamma a fili don kowa da kowa, da na dare a zaure ko otal mai tsada, kuma ɗan tasha ba shi da masaniyar wanne kuke nufi. A saya a wurin da masu shirya wasan suka sanar a rediyo ko a shafinsu na Facebook. A Yamai ma a tabbatar da zauren tun kafin a bar Doso, don Palais du 29 Juillet daban, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda daban, kuma cunkoson yamma a birnin yana iya cinye awa guda tsakanin masauki da ƙofar shiga.